Na ƙaramin gari ko na ɗan attajirin Abuja? Ƙanwata, ɗauki na ƙaramin garin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Tunda kuɗin littafin soyayya ɗaya kika ware na zaman jego, kuma kin tsaya tsakanin mai labarin ƙaramin gari da mai labarin ɗan attajirin Abuja, ki sayi na ƙaramin garin. Sunan littafi ba zan kama ba, kin san dokar zauren nan a kan talla.

Shekara huɗu da suka wuce na yi kwana goma sha tara ina jinyar Innarmu a asibiti. Wadda ta taɓa jinya ta san daren asibiti ba ya ƙarewa. Kina kan kujerar roba, sauro na cizo, idonki na kan ledar ƙarin ruwa kada ta ƙare ba ki kira ma'aikaciya ba. Wata baiwar Allah da ke jinyar mahaifiyarta a gadon kusa da mu ta ga ina ta hamma, sai ta miƙo mini wasu 'yan littattafai uku a ɗaure da zare, na ɗaya zuwa na uku. Labarin wata 'yar birni ce da bautar ƙasa ta jefa wani gari da mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Saurayin malamin firamare ne, dukiyarsa duka wani tsohon babur da ba ya tashi sai almajirai sun tura. Garin kaf wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani tudu bayan makaranta a gindin kuka, saboda haka duk mai kiran waya can yake zuwa, kuma duk abin da ya faɗa kafin ya sauko mai ƙosai ta ji. Babban tashin hankalin littafin shi ne akuyar matar mai unguwa ta cinye wasiƙar da malamin ya kwana uku yana rubutawa, ta bar masa layin ƙarshe kawai, layin ya faɗa hannun da bai kamata ba.

Na yi dariya har ma'aikaciyar dare ta leƙo. Inna, wadda da muna 'yan mata take ƙwace mana irin littattafan nan ta cusa a murhu, ta buɗe ido ta ce in karanta a bayyane ta ji abin da ke ba ni dariya. Daga ranar kullum bayan isha'i sai na karanta mata babi biyu. A dare na huɗu ta ce, wannan malamin ba zai iya ba, a tura masa kawunsa kawai ya je ya nema masa. Da aka sallame mu na shiga kasuwar Sabon Gari takanas na nemo nawa. Suna nan a durowata, bangon na biyun ya rabu na liƙe da salatif, kuma an are su ya fi sau goma.

Na ɗan attajirin kuwa, na taɓa biyan naira 1,500 a kan ɗaya, na kai shafi na sittin an zagaya Dubai sau biyu, an ambaci motoci bakwai da sunayensu, yarinyar ta suma sau uku, ni kuma ban san halin kowa ba. Akwai masu sonsu, Allah ya ba su daɗin karatu.

Abin da na lura da shi bayan na tara irin na farkon da yawa shi ne garin da kansa yake yin rabin aikin marubuciya. A Abuja in masoya suka yi faɗa, kowa ya shiga motarsa ya ja gilashi, sai marubuciya ta nemo haɗarin mota ko ciwon zuciya ko makircin kishiyar uwa kafin ta sake haɗa su. A ƙaramin gari ina za ki gudu? Rijiya ɗaya, injin niƙa ɗaya, kemis ɗaya, mai shayi ɗaya. Kin yi fushi da mutum da safe, da la'asar ku haɗu a gidan suna, kuma gwaggonsa ce za ta miƙo miki kwanon waina. Shi ya sa matsalolinsu ƙanana ne, irin waɗanda muka sani: an ga wane a ƙofar gidan su wance bayan magariba, an aiko yaro da saƙo ya kai gidan da ba shi ba, kaka ta rantse jikarta ba za ta auri mai babur ɗin turi ba. Ba wanda zai mutu. Tun shafin farko kin san za a ɗaura aure, daɗin yana wajen ganin yadda gari zai taru ya tura mutum biyu masu kunya har su kai.

Ga kuma mutanen gefe, waɗanda a wurina su ne gishirin. A littafin attajirai in kin cire masoyan da muguwar uwar miji, saura direba da 'yar aiki da ba su da baki. A na ƙaramin gari kowa da halinsa. Akwai direban motar kasuwa da ba ya tashi sai ya cika, ko da za a kai azahar. Akwai dillaliya mai shiga gida gida da atamfa a ka da labari a baki. Akwai ladan da ya san wa ya makara asuba da dalilin makararsa. Sannan muna da abin da ya sa ban dariya ba ya yi wa marubutanmu wuya, wato wasan da ke tsakanin mutane tun asali: kaka da jika, taubasai, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Marubuciyar da ta iya, ta ajiye baƙo Bazazzagi a gidan tsohuwa Bakanuwa, ta gama samun babi biyar.

Ita ma hanyar shigo da baƙo a shirye take. Tun 1973 da gwamnatin Gowon ta kafa bautar ƙasa ake kwasar 'yan birni ana watsawa a garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba. Ban da su akwai unguwar zoma da aka yi wa canjin wurin aiki, da malamin gona, da yarinyar da aka kai hutu wurin kaka don ta yi hankali. Ranar kasuwa kuma ita ce agogon labarin. Wanda ya san yadda Wudil take cika ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis da 'yan Nijar suke tsallakowa da dabbobi, ya san ƙauyukan kewaye mako guda suke jiran ranar. In saurayi bai faɗi abin da ke ransa ba wannan kasuwar, sai wata. Wannan jiran ya fi mini suma uku.

Ba mu kaɗai ba ne da wannan ɗabi'a. Ƙanwar maigidana mai karatun Turanci tana da tarin na Turawa, irin na gwanjo da ake zubawa a bakin titi, na kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Ingila a 1908 da Harlequin na Kanada da ya fara a 1949. Ta ce mini akwai reshe guda a cikinsu da ba ya fita daga ƙananan garuruwan Amurka, can wajen Montana ko Alaska, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Mace ta gaji da birni ta koma garinsu, ta tarar da gidan gasa burodi ɗaya, da makanike ɗaya, da tsofaffin da suka sa mata ido. Na ce ai wannan mai ƙosanmu ce aka sa mata rigar sanyi. Sai dai in za ki taɓa nasu ki tambayi wadda ta karanta tukuna, don wasunsu ba su da kunyar da za ki bar su a kan gado yara na shiga. Ni dai burina wata ta zauna ta rubuta mana wanda aka kafa a Gembu, kan tsaunin Mambila, da sanyinsa da hazonsa da gonakin shayin Kakara da wannan hanyar mai lanƙwasa da ake hawa daga Serti. Baƙon da ya hau can da damina ba zai sauko da wuri ba, labari ya samu.

Wani abin kuma, ba na son in ɓata miki rai kina jego, amma ina jin yana cikin abin da ke jan mu. Garuruwa da yawa da ake kai mu hutu muna yara, wajen Zamfara da wasu sassan Katsina, yau sai an yi shawara kafin a kama hanyarsu. In na buɗe irin littafin nan ina samun garin da ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida har sha biyun dare, 'yan mata na gaɗa a dandali da farin wata, ba mai waiwaye.

Ki kula da abu ɗaya wajen zaɓe. Ba duk littafin da aka ce ƙauye ne irin wanda nake nufi ba. Akwai waɗanda ƙauyen babi biyu ne kawai, an nuna yarinya da kaushi da tallan fura da kishiyar uwa mai dukanta, sai ga wani mai jibgegiyar mota ya ɗauke ta ya kai Maitama a wanke ta a koya mata cin abinci da cokali. Wannan na attajirai ne ya yi shigar burtu. Ki karanta shafukan ɗanɗano, wato na farkon da ake nunawa kafin a saya. In kin kai shafi na goma ba ki yi murmushi ba, ko kin ga ana yi wa mutanen garin kallon dabbobi, ki ajiye.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don an cuce ni an cuci wasu a nan. Da can, tun da aka fara buga littattafan nan a Kano wajen tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, cutar ba ta wuce a sayar miki da na ɗaya da na biyu a ce na uku yana hanya, ko ki je gida ki tarar an tsallake shafi goma sha shida a tsakiya. Yanzu da harka ta koma waya abin ya ƙaru. Akwai masu kwashe littafin wata su canja masa suna su sayar a matsayin sabo, ki biya ki buɗe ki ga wanda kika karanta bara ne. Akwai masu cewa kammalalle ne, ki tura kuɗi a turo miki rabi, ki yi magana a rufe lambarki. Akwai masu buɗe zauren biya a WhatsApp, a yi ta turo shafi kullum har labari ya ɗauki zafi, sai a ce sauran sai an ƙara kuɗin wani zaure na musamman. Ni wannan ta ƙarshen ce ta same ni, a kan wancan na Dubai ɗin ma, ga kuɗi sun tafi ga littafin ba daɗi. Akwai kuma masu tallan labari da sunan barkwanci, ki shiga ki tarar batsa ce tsagwaronta.

Saboda haka ki nemi lambar marubuciyar daga shafinta na kanta, ki duba sunan asusun da aka ba ki ya yi daidai da wanda ta sanar, ki tambaya a fili ko an kammala da adadin shafukan, ki ajiye shaidar biya. Wanda ya ce miki zai ba ki littattafai hamsin a naira 500, kayan sata ne, kuma haƙƙin matan da suka hana idonsu barci suka rubuta yana kansa. In na takarda za ki saya, ki aiki wanda zai tsaya a gaban mai shagon ya ƙirga shafuka, ya tabbatar an haɗa masa har na ƙarshe.

Ni da za ki ji tawa ma na takardar za ki nema. Hannu ɗaya jariri, hannu ɗaya littafi, ba ruwanki da caji ko data, kuma in ruwan wanka ya fallatsa masa ba asarar waya kika yi ba. Ki dai ɓoye shi in masu barka sun cika ɗaki, don nawa na ukun wata uku ya yi a gidan wata kafin ya dawo, da tabon manja a shafin ɗaurin auren.