Fitilar rataya a tanti: ka duba batirinta kafin haskenta ya ruɗe ka

Duk wanda ya taɓa kwana a tanti ya san lokacin da fitila take nuna amfaninta. Rana ta faɗi, an gama kafa turaku, kaya na zube, kana laluben zif ɗin jaka da hannu ɗaya. Na gwada fitilu iri-iri a wannan harka, kuma gara tun yanzu in faɗi inda na tsaya: ƙaramar fitilar LED mai caji, wadda ake cire batirinta a sa wani, haskenta mai ɗan ja-ja, kuma ana iya rage shi har ya koma kamar na kyandir. Ita da batirinta kada su wuce giram 150.

Kafin in zo kanta, bari mu sallami sauran.

Kyandir, fitilar kananzir da fitilar gas ba su da wurin zama a cikin tanti. Yadin tanti yawanci nailan ne ko foliyesta, da wuta ta lashe shi sai ya narke ya ɗiga a jikin mutum. Sannan duk abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta yi ajalinsa. Wannan ba abin da za a tsaya ana auna fa'ida da illa ba ne.

Tocila kuwa haskenta gaba ɗaya yake tafiya wuri guda, kuma tana cinye maka hannu. Fitilar goshi dole ce ga mai fita da dare, ni ma ba na tafiya ba tare da ita ba, amma a cikin tanti duk wanda ka juya za ka yi wa magana sai ka kashe masa ido. Idan nauyi ne babban abin da ya dame ka, ka ɗaura ta a jikin gorar ruwa mai ɗan hazo-hazo, fuskarta na kallon ciki, ruwan zai watsa hasken. Kamfanin Petzl ma yana da wata 'yar jaka mai suna Noctilight da ake saka fitilar goshi a ciki don wannan aikin. Dabara ce mai kyau ta dare ɗaya, sai dai da ka tashi fita waje, ka bar abokin kwananka cikin duhu.

Akwai masu amfani da hasken rana, waɗanda ake hura wa iska kamar balan-balan. Ina girmama asalinsu: wasu ɗalibai mata biyu, Anna Stork da Andrea Sreshta, suka ƙirƙiro LuminAID bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, don mutanen da suka rasa muhalli. Ba su da nauyi, suna naɗewa, haskensu da laushi. Matsalar ita ce farantin solar bai fi tafin hannu ba, sai ya wuni cur a rana kafin ya cika. Ranar da hadari ya rufe sama, ko ka yada zango a ƙarƙashin itatuwa, ɗan kaɗan kawai za ka samu. Masu cin batir AAA uku kuma ba su da laifi ga mai fita sau ɗaya a shekara, in dai zai tuna ya cire batiran idan ya dawo, don batirin alkalin in ya daɗe a ciki yana yoyo ya cinye ƙarfen fitilar.

To, ga wadda nake so, da dalilina.

Mutane suna yawan tambayar wadda ta fi haske, alhali tanti ba fili ba ne. Ana auna yawan haske da lumen. Kyandir ɗaya yana ba da wajen lumen 12. Tantin mutum biyu, lumen 30 zuwa 50 sun ishe ka ka ga komai, ka shirya kaya, ka duba taswira. In ka kai 100, har karatu za ka yi ba wahala, domin bangon tantin da kansa yana maido da hasken. Abin da ya fi wannan, ido kawai zai dama, ya kuma nuna inuwarka ga duk wanda ke waje. Shi ya sa ni matakin ƙasa nake fara dubawa, ba na sama ba. Fitilar da za ta iya sauka zuwa lumen ɗaya ko biyu ta kwana a kunne, ita ce ta san aikin tanti. Wanda ya farka tsakar dare zai ga takalminsa ba tare da ya tashi kowa ba, yaro ma ba zai firgita da duhu ba. In son samu ne, a ce tana tuna matakin da ka kashe ta a kai, ba wadda duk ka taɓa makunni sai ta fara da mafi ƙarfi ta bi ta kan ƙyafta-ƙyafta kafin ta mutu ba.

Launin hasken ma abin dubawa ne. A jikin kwali za ka ga lamba da harafin K. Daga 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, ɗan ja-ja, ido yana hutawa da shi, barci ma ya fi saurin zuwa. 6500K shi ne farin nan fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ƙwari suka fi so. Ka bar ƙofar tanti a buɗe minti biyu ka ga baƙin da za ka yi. In akwai jan haske a ciki, ƙari ne mai amfani, don ba ya ɓata sabon da ido ya yi da duhu. Murfin fitilar kuma ya kasance mai hazo-hazo, kada ka iya hango ƙwayoyin LED ɗin tsirara.

Sai ƙananan abubuwan da ba a damuwa da su sai an je daji. Ƙugiyar rataya ta zama mai rufewa, wadda za ta shiga ɗan madaukin da ke rufin tanti ba ta zame ba, kuma hasken ya sauko ƙasa idan an rataya ta, kada gindinta ya yi maka inuwa daidai inda kake zaune. Makunnin ya zama yana kulluwa, ko a iya ɗan sassauta murfin batir, don kada ta kunna kanta a cikin jaka ta ƙone cajinta tun a hanya. Ta fuskar ruwa, ka duba lambar IPX, ma'aunin jure ruwa: IPX4 na nufin tana jure fantsama, wannan ya ishi tanti da raɓarsa. IPX7 na nufin za ta yi minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya. Wadda aka rubuta mata "ba ta jin ruwa" kawai ba lamba, ka ɗauka tana ji.

Amma abin da ya sa na nace a kan mai cire batir, wani dare ne da ba na mantawa. Na sayi wata fitila kyakkyawa, kwalinta ya ce lumen 1000, batirinta kuma an buga masa 9900mAh, wato yawan cajin da wai yake ɗauka, da manyan lambobi. Na yi mata caji har ta nuna kore. Daren farko ruwa ya sauko, ɗana ƙarami yana tare da ni, jikinsa ya yi zafi. Ina tsugune ina neman maganinsa a ƙasan jaka, ina ƙoƙarin karanta adadin da aka rubuta a jikin kwalbar, sai hasken ya fara dusashewa, ya yi ja, ya ɗauke. Ko awa biyu ba ta yi ba, kuma a matsakaicin mataki take. Da hasken fuskar waya, mai saura kaɗan ta mutu, na auna masa maganin. Da muka dawo na ɗora batirin a kan sikeli: giram 24. A hannu ma kana jin sa fayau kamar ba komai a ciki.

Tun daga ranar na koyi lissafin da ya kamata kowane mai saye ya sani. Irin wannan batirin, da ake kira 18650, sunansa girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 50, kuma mafi kyawun da manyan masu ƙera shi irin su Panasonic, Samsung da LG suka saba fitarwa yana tsayawa ne wajen 3500mAh. Saboda haka duk 18650 da ka ga an rubuta masa 6000, 8800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, ba sai ka gwada ba. Masu yin jabu suna saka ɗan ƙaramin batir a cikin babban gwangwani, wasu kuma su tattaro tsofaffin batiran kwamfuta su sake musu sabuwar riga. Har sunayen kamfanonin kirki suke kwaikwaya, don haka suna a jikin riga ba hujja ba ne. Nauyi ya fi rubutu gaskiya, ko da yake akwai masu cika gwangwanin da wani abu don ya yi nauyi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na'urar caji mai nuna adadin da batirin ya ɗauka. Kuma batirin jabu ba saurin mutuwa kaɗai ne aibinsa ba, yana iya yin zafi ya kama wuta, kai kuwa a cikin ɗakin nailan kake.

Haka ƙaryar lumen take. LED mai kyau a cikin fitila yana ba da wajen lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat. Batirin 3500mAh na gaske yana ɗauke da kusan wat 12 da rabi na awa ɗaya. Ke nan fitilar da ke ba da lumen 1000 da gaske za ta shanye shi cikin awa ɗaya da rabi ko makamancin haka, ga zafi da za ta ɗauka. A lumen 50 kuwa, batirin nan zai haura awa 20. To idan kwali ya ce maka lumen 1000 har awa 20 da batir ɗaya, ka ajiye ka wuce. Ko kamfanonin da ke bin ƙa'idar gwaji ta ANSI FL1, wadda aka fito da ita a 2009, ka san cewa awannin da suke rubutawa suna ƙirgawa ne har sai hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Masu gaskiya suna nuna awannin kowane mataki daban, su nake nema.

Akwai wasu alamomin aikin ha'inci guda biyu da za ka iya kamawa nan take. Ka rage hasken zuwa ƙasa, ka kaɗa yatsunka da sauri a gabansa, ko ka duba ta kyamarar waya. In ka ga yatsun suna rarrabuwa ko layuka na gudu a fuskar wayar, fitilar tana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa sosai, kuma wasu mutane tana sa musu ciwon kai. Na biyu, ramin caji. Wasu suna saka ramin USB-C don a ce na zamani ne, amma sun tsallake wasu 'yan ƙananan kayan da ake buƙata a ciki, sai ka tarar wayar caji mai kan C a duka ɓangarorin ba ta yi mata caji. Ka gwada da wayar caji da fawa bank ɗin da za ka tafi da su, ba da wadda aka sako a kwali kaɗai ba.

Fitila mai batir a manne a ciki, ko mai kyau ce, ranar da batirin ya gaji ita ma ta gama. Mai cirewa kuwa, ka sa batir na biyu a aljihun jaka, giram 50 kacal, ka ninka darenka. Ka dai tabbatar wane iri take karɓa, mai tsinin kai ko mai shafaffen kai, sannan masu 'yar na'urar kariya a ciki sun ɗan fi tsawo, ba kowace fitila suke shiga ba. Batirin ajiya ya zauna a 'yar robarsa, kada ya haɗu da makulli ko wani ƙarfe. Kada a bar shi cikin rufaffen tanti ko mota da tsakar rana, kada kuma a yi masa caji a sanyin da ya kai ruwa na ƙanƙara.

Duk wadda ka saya, kada daren farkonta ya zama a daji. Ka cika ta da caji, ka kunna ta a gida da faɗuwar rana a matakin da za ka yi amfani da shi, ka rubuta lokacin, ka bar ta har ta mutu da kanta. Adadin awannin da ka samu, da shi za ka lissafa batir nawa za ka ɗauka.