Kafin ka kai tsohuwar mota fenti: a cire baget ɗin taga ko a rufe shi?

Peugeot 504 ɗin da mahaifina ya bari ta yi shekara biyu ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Yamai kafin in samu halin kai ta fenti. Tambayar farko da mai fenti ya yi mini ita ce: "Maigida, baget ɗin nan, mu cire ko mu rufe?" Baget shi ne siririn ƙarfen nan mai ƙyalli da ke bin gefen gilashin ƙofa, da wanda ke kwance a gindin taga, haɗe da robar da ke sharce gilashi in ana ɗaga shi. Kada ka amsa tambayar nan a tsaye. Ka fara zagaya kasuwa tukuna.

Rufewa da sikoci, wato tef mai manni, ita ce hanya mai araha, abin saye bai wuce sikocin masu fenti da takarda ba. In motar haya ce da kake so ta ɗan yi haske, ya isa. Amma fenti yana tsayawa daidai bakin roba, kuma daga nan yake fara ɓarewa in zafin Afrilu da Mayu ya dake shi. Tsatsar da ruwan damina ya haifar ƙarƙashin baget kuwa tana nan tana cin ƙofa. Wasu masu fenti kan cusa siririyar igiya ƙarƙashin leɓen roba don ya ɗaga, fenti ya shiga ciki. Dabara ce mai kyau in robar tana da sauran laushi. Sikoci kuma kada ya daɗe a rana, ƙaronsa kan manne a ƙarfe.

Ni cirewa na zaɓa, kuma ita nake ba duk mai son motarsa shawara, da sharaɗi guda: kada a taɓa baget sai ƴan maƙalan da ke riƙe shi, waɗanda ake ce wa agaraf, suna hannunka. A Faransa an fara ƙera 504 a 1968, aka daina a 1983, Kaduna kuma ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru da yawa bayan haka. Ko wadda ta fito daga baya, maƙalanta sun sha rana. Na roba kan fashe, na ƙarfe tsatsa kan cinye su. A wajena, an cire baget ɗin ƙofa biyu kafin a gane babu maƙalan mayarwa, motar ta yi sati uku tana shan ƙurar hunturu ta bakin taga.

Wajen samun kaya, hanya uku ce. Ta farko, na tsohuwar mota da aka kwance, irin waɗanda ake nema a Katako da wuraren ƴan gwangwan. Ƙarfensu na asali ne, yana zama daidai, amma robar jikinsu sau da yawa ta bushe kamar taka. Ka tafi da naka a hannu ka gwada tsawo, domin na dama daban da na hagu, na gaba daban da na baya, kuma na ƙofar baya a ƙaramar 504 ba lallai ya shiga doguwar 504 ba. Ka lanƙwasa robar da yatsa, in ta tsage, ƙarfen kawai kake saye, a yi ciniki a kan haka. Ta biyu, sabon kaya da ake kawowa daga Najeriya, wanda mutanen Tawa sun fi mu kusa da shi ta Birnin Ƙonni. Robarsa sabuwa ce, sai dai wani ƙyallin fenti ne kawai a kan roba, rana na dukansa ya dushe. Ta uku, robar da ake sayarwa mita-mita a yanka. Tana hana ruwa da ƙura, amma ido yana gane ba ta motar ba ce. Abin da ya fi mini shi ne haɗawa: ƙarfen asali, sabuwar roba, sababbin maƙalai, har da ƙari a kan adadin da ka ƙirga.

Ka san kuma irin ƙarfen da ke hannunka. Wanda ba ya tsatsa, in ya lotsa ana iya buga shi a hankali daga ciki a goge ya dawo. Na alminiyom ba shi da nauyi, mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma in aka sa masa takardar yashi rufin ƙyallinsa ya tafi ke nan.

Kayan cirewa ba su da tsada, amma nan ake ɓarna. Turnabis tsirara yana lotsa baget, ya kuma ƙwarzane ƙofa. Ka nemi cokulan roba masu faɗi da ake yi don wannan aiki, in babu, a naɗe wuƙar mastik da ƙyalle. A sauke gilashi har ƙasa, a cire murfin ƙofa na ciki, a duba ko akwai kusa a ƙarshen baget, don wasu motoci suna ɓoye ta can. A fesa wa maƙalan WD-40, man sassauta tsatsa, a bar shi ya jiƙa, sannan a ɗaga kaɗan-kaɗan daga gefe guda, maƙali bayan maƙali. Wanda aka fizga ya lanƙwashe ba ya sake kwanciya daidai. Man da aka fesa kuma a wanke shi tas, in ba haka ba fenti zai yi ƴan ramuka. Kowane baget a rubuta ƙofarsa a bayansa.

Tunda ƙofa a buɗe take, a share ramukan gindinta da ruwa ke fita, tawa laka ta toshe su duka. Mayarwa kuwa sai fenti ya yi tauri sosai. Na jira kwana goma, sannan na tsaya a kan yaron garejin har ya danna maƙalin ƙarshe da tafin hannu, ba da guduma ba.