Motar gudu ta haɗi-da-kanka a Sakkwato: wacce za ta iya da ranarmu da hanyoyinmu?

Wani ƙanena ya turo min hoton wata 'yar mota cikin dare, ba rufi ba ƙofa, tayun gaba a waje kamar ƙafafun fara, ya ce Yaya wagga nake so, an ce a akwati ake aiko ta mutum ya haɗa da kansa, wacce zan saya? Na yi dariya don ni ma ciwon nan ya taɓa kama ni, har gobe akwai ƙarafan shaida jingine bayan gidanmu a Mabera awaki na hawa kai. To amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ce bari in baje ta kowa ya gani.

Asalin motar da ya turo min daga Ingila take. Wani injiniya Colin Chapman mai kamfanin Lotus ya fito da ita a 1957 ya sa mata suna Seven, kuma dalilin sayar da ita a warwatse shi ne a lokacin in ka sayi mota haɗaɗɗiya sai ka biya harajin saye, in kuwa a kayan haɗi ta zo babu. A 1973 Lotus ta sayar wa Caterham da haƙƙin ƙirar, su ke yin ta har yau. Sirrin duka rashin nauyi ne, Corolla ɗin da kake gani tana haura kilo 1,200, wagga kuwa kilo 500 da 'yan kai, don haka injin da zai ja Corolla da ƙyar in ka sa shi nan sai ya zama aljani.

Amma fa Ingila ba Sakkwato ba ce. Can matsalarsu ruwan sama da tsatsa, mu nan rana ce da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu mai shiga har cikin tukunyar da anka rufe, ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Don haka ni tambayar da nake fara yi wa kowace mota ba ƙarfin doki nawa gare ta ba, a'a, in wani abu ya karye ranar Talata ina zan samo shi kafin Juma'a.

Mu fara da uwar gayya, Caterham. Ita komai sabo ake aiko maka, shasi a haɗe an riga an yi walda an liƙa falankin alminiyom, kai naka ɗaurin noti ne da bin littafi, injin, giyabos, ƙafafu, burki, wayarin. Ƙaramarsu mai suna Seven 170 injin Suzuki gare ta mai silinda 3, cc 660 da turbo, ƙarfin doki 84, nauyinta wajen kilo 440, babbar kuwa 620 tana da injin Ford lita 2 mai doki 310, wadda gaskiya a titin Ahmadu Bello ban san inda za ka taka ta ba. Inganci ba magana. Matsalar kuɗɗi ce, mafi arha ma ta haura fam 20,000 tun kafin ta bar Ingila, ka buga wannan da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgin ruwa, ka ɗora fito na kwastan a Legas, ka ɗora na motar da za ta hauro da ita Arewa, sai ka ga ka sayi fili a Arkilla ka zagaye shi. Kuma duk wani ɗan ƙaramin abu nata, roba ce ko ƙashin ƙafa, daga can za ka yi oda ka zauna jira. Wani abu kuma da mutane ke mancewa, sitiyarin Ingila a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 munka koma tuƙi ta hannun dama da sitiyari a hagu, kuma mai sitiyarin dama doka ba ta yarda da ita ba. Suna yin mai na hagu, amma dole ka faɗa tun wurin oda. Westfield da anka kafa a 1982 da Birkin ta Afirka ta Kudu duk 'yan gida ɗaya ne da ita a siffa, sun ɗan fi sauƙin kuɗi, ciwon kai iri ɗaya.

Ta Amurka, Factory Five, wadda ke kwaikwayon tsohuwar motar gudu Cobra da injin Ford V8, ba zan daɗe kanta ba. Kyau kamar ka lashe, ƙara kamar hadari, amma ta kai tan ɗaya, kuma tun da anka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wanda duk ya ce zai ciyar da V8 don nishaɗi to Allah Ya ƙara mishi buɗi, ba da shi nake ba.

Sai masu bukatar motar yanka, wato ka sayi wata tsohuwar mota ka fede ta ka kwashi kayan cikinta. A nan wadda ta fi burge ni ita ce Exocet, ta kamfanin MEV na Ingila, akwai kuma Exomotive da ke yin ta a Atlanta ta Amurka. Motar yankanta Mazda MX-5 ce, wadda Amurkawa ke kira Miata, ta fara fitowa 1989. Dabarar mai daɗi ce, za ka ɗage bodin Mazdar gaba ɗaya ka ajiye gefe, abin da zai rage a ƙasa injin ne da giyabos da ƙafafun gaba da na baya duk a jone da wani dogon ƙarfe, sai ka sauke sabon keji na bututu a kai ka ɗaure. Ba ka ƙirƙiri komai ba, lissafin injiniyoyin Mazda ne ka rage wa kaya, shi ya sa ba ta cika ba mutum kunya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne MX-5 ba motar da anka cika gani ba ce a nan, ka zagaye Buzaye tun safe har la'asar da wuya ka ci karo da fitilarta ma, sai dai Ladipo a Legas ko a sayo maka wadda ta yi hatsari daga gwanjon Amurka, wanda ya fi ma don ita sitiyarinta a hagu yake. Kuma kar wani ya ruɗe ka da zancen a biyo da ita ta Kwanni a shigo ta Illela, a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ka samu ejan na gaskiya ka ji halin da ake ciki yanzu kafin ka tura ko sisi.

Yanzu ga inda na ƙone hannu, Locost. Sunan ma wasa ne da Lotus da kuma kalmar arha a Turanci, ya bazu ne daga wani littafi na Ron Champion a 1996 da ke nuna yadda za ka yanka ƙarfe ka ƙera mai kama da Seven da hannunka. Ba abin da za ka yi oda, bututu mai kusurwa huɗu na milimita 25 mai kaurin 1.6 shi ne yawancin shasin. Su can da Ford Escort sunka fara yanka, daga baya Sierra. Sharaɗin dai motar yankan ta zama mai ja da tayun baya, kuma nan ne mutanenmu ke faɗuwa, don Corolla da Golf da Honda da sunka cika gari duk da gaba suke ja, injin a gicciye, ba su shiga wanga tsari sai da wahala mai yawa. Masu ja da baya da muke da su a kusa su ne Peugeot 504 da 505 na PAN Kaduna, Marsandi 190, da tsofaffin BMW. Kayan Fijo kam ko a Kofar Ruwa ta Kano ko a nan gida ba ka rasawa, kowane tsohon bakanike ya san ta kamar yunwar cikinshi, illa dai injin da aksul ɗinta suna da nauyi da faɗi, sai ka faɗaɗa shasi, kuma da ka fara faɗaɗawa ka bar littafi ka shiga lissafin kanka.

Ni abin da ya faru da ni, na kai zane wurin wani mai walda da ya iya ƙofa da taga ƙwarai, ya duba ya ce Alhaji wannan ai kejin kaji ne, sati ɗaya. Ya yi shi a ƙasa kan siminti mai gangare, da bututun da ake kujerun makaranta, kuma ya bi kowace gaɓa ya cika ta da wuta lokaci guda bai ɗiɗɗiga ba tukuna. Ranar da na zo da tef na auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, na sake auna ɗaya ɓangaren, sai ga bambancin yatsa biyu. Munka ɗora shi kan tebur, ƙafa uku na taɓawa ta huɗu na lilo. Ya ce ai in an sa injin nauyi zai danne shi. Nan na gane ni da shi ba abu ɗaya muke ginawa ba. Zafin walda jan ƙarfe yake yi, dole a yi shi kan katako mai shimfiɗa sosai, a ɗaure kowane bututu, a ɗiga ko'ina, a auna, sannan a cika kaɗan kaɗan ana tsallakawa daga wanga gefe zuwa wancan. A Ingila akwai gwajin IVA da ake yi wa irin waɗannan motoci kafin a ba su lamba, nan kuwa ba wanda zai kwanta ƙarƙashi ya duba maka walda, kuma gadon bayanka ne zaune a kanta. Locost ita ta fi arha a takarda, ita ta fi cin lokaci, kuma in ba ka da mai walda da zai yarda ka tsaya kanshi da tef to kar ka soma.

Ga kuma wadda ƙanen nawa bai tambaya ba amma ita na fi tura shi gare ta, bagi na rairayi da ake yi da Volkswagen Beetle, kunkuru dai. Wani Bruce Meyers ya fara ta a Kalifoniya a 1964, sunanta Meyers Manx. Ana cire bodin kunkuru, a rage tsawon farantin ƙasa da wajen inci 14, a ɗora bodin faiba mai kama da bahon wanka. Beetle an fara haɗa ta a Legas a 1975, har yanzu akwai su kwance a gidajen tsofaffin ma'aikata tayu sun nutse cikin ƙasa. Gudu kam ba za ta kama ƙafar Seven ba, injin 1600 ɗin doki 50 ne ko kusa, amma cikinta a sama yake, nauyin injin na kan tayun baya, yashin da zai riƙe Corolla a hanyar ƙauye ita wucewa take tana waƙa. Seven kuwa tsakanin tukunyar baƙin mai da ƙasa taƙi ɗaya bai cika ba, tudun rage gudu guda na Runjin Sambo ya isa ya zubar maka da mai a titi.

Kuma akwai maganar takardu. Bagi tana riƙe da farantin kunkuru, lambar shasi na nan a buge kan ƙashin tsakiya ƙarƙashin kujerar baya, ga takardun asali in mai ita bai ɓatar ba. Locost ba ta da uwa ba ta da uba a takarda. Ko wacce ka zaɓa, ka fara zuwa ofishin lasin da wurin 'yan VIO ka yi bayani tun kafin ka yanka ƙarfe, ba sai ka gama ba ka tsaya rantse-rantse a shingen 'yan rod sefti.

Kunkuru ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, kuma a zafinmu wannan abin kula ne ƙwarai. Gwangwanayen nan da ke lulluɓe da injin su ke bi da iskar fanka kan silinda, yara masu son a ga injin tsirara suna cire su, wata biyu injin ya dahu. Fanbel ya tsinke ka tsaya nan take, ba sai ka kai gida ba. Ba ta da filtar mai ta kirki sai 'yar rariya, man lita biyu da rabi ne kacal, don haka juye shi duk kilomita 5,000, da ƙurarmu ma ni kafin nan nake so, a kuma saita bawul injin na sanye. Masu lagireto su ma ba su tsira ba, hancin Seven ƙarami ne, lagireton da ya ishe ta a Ingila zai tafasa a cunkoson kasuwar Kara, sai ka nemi mai kauri da fanka mai ƙarfi. Sannan salansa ta gefe take bi dab da gwiwar hannu, ƙasan alminiyom ne, ƙafafunka na maƙwabtaka da giyabos, da azahar kamar ka zauna kan tandar masa. Kujera baƙa kar ka kuskura. Filtar iska irin ta soso mai kyau a hoto ba ta iya da hunturu, ka sa ta takarda cikin akwati ka riƙa dubawa. Notocin ƙafafu a bi su da sifana bayan 'yan fitowar farko, kuma in za ta kwana biyu a ajiye a cire kan batir a rufe ta, rana na cin faiba ɓeraye na cin waya.

Abu guda da hoto ba ya nunawa, in kana cikin Seven kanka bai kai saman tayar tirela ba. Tirelolin siminti da ke fitowa daga Kalambaina direba bai ma san kana wurin ba, ga 'yan kabu-kabu na leƙo ka ta sama. Hula kuwa ka manta da ita, babbar riga ma sai ka naɗe ta kamar mai shiga rijiya.

Da na gama zuba sai ƙanen nawa ya yi shiru, can ya ce to Yaya in kai ne fa? Na ce in kuɗɗin fam gare ni kuma yawon safiyar Lahadi kawai nake so a hanyar Birnin Kebbi kafin rana ta taso, Exocet zan yi da Miata ta Amurka, in sayo kayan gyara biyu biyu tun a jirgi ɗaya. Da aljihun da nake da shi yanzu kuwa kunkuru zan nema mai lafiyayyen faranti da takardu, in fara tada injin tana yadda take in yi wata guda ina yawo da ita kafin in taɓa bodi. Jiya ya kira ni wai ya gano wata a Gawon Nama ƙarƙashin dogon yaro, kaji na ƙwai a kujerar baya, mai ita ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yanshi. Na ce ya koma ya ɗaga kujerar ya karanto min lambar shasi, ya kuma soka sukundireba a farantin wajen mazaunin batir ya gani ko zai huda.