Sharhi kan lesin ɗin makaniks da na yi a Tudun Wada

Kafin in fara shekarar farko a sashen injiniyanci, yayana ya biya mini kuɗin lesin na mako shida wurin wani dattijon malami da ya yi ritaya. A zauren gidansa yake koyarwa, nan Tudun Wada, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Darasin makaniks ne, wato yadda ƙarfi ke aiki a kan abu, ko yana tsaye ko yana tafiya. Na gama makon jiya, kuma ƙanne da yawa sun tambaye ni ko ya ci kuɗinsa. Wallahi ya ci.

Ranar farko Malam ya karɓe kalkuletocinmu ya zuba a leda. Ya ce, "'Ya'yana, wanda bai zana ba ba zai lissafa ba." Nufinsa sai ka ware abin a takarda shi kaɗai, ka ja kibiya a kan duk ƙarfin da ke turinsa ko jansa, sannan ka taɓa lamba. A sakandare na haddace dokokin Niyuton guda uku, har da shekarar da ya wallafa su, 1687, amma ban taɓa zana kibiya ɗaya da sanin dalilinta ba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na katako. Ya ɗora katako mai tsawon mita 4 a kan sikeli biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ya mayar da allurarsu kan sifili, sannan ya sa aka aza buhun siminti mai kilo 50 a nisan mita 1 daga gefen hagu. Ya ce mu faɗi abin da kowane sikeli zai nuna kafin mu duba. Rabinmu suka ce 25 da 25. Muka zana, muka lissafa ƙarfin juyi, wato ƙarfi a ninka da nisansa daga inda abu zai juya, aka samu 37.5 a hagu, 12.5 a dama. Da na durƙusa na ga allura ta tsaya dab da wurin, sai da tsigar jikina ta tashi. A nan ne kuma ya rarrabe mana kilo da niyuton, wato ma'aunin ƙarfi: ka ninka 50 da 9.81, nauyin buhun nan ya kai kusan niyuton 490.

Wata Asabar ya kai mu Panteka. Wani bakanike na fama da noti mai tsatsa, ya zura bututun ƙarfe a wutsiyar sufana, noti ya saki nan take. Malam ya ce a rubuta: niyuton 200 a kan sufana mai santimita 25 ƙarfin juyi niyuton-mita 50 ne, idan hannun ya kai mita guda ya koma 200. Bakaniken ya yi dariya ya ce shi dai ogansa ne ya nuna masa tun yana yaron shago.

Inda na ga gazawa shi ne rabon lokaci. Mako huɗu muka cinye a kan abubuwan da ke tsaye, sai aka yi wa gogayya da motsi gaggawa a mako biyun ƙarshe. Har yanzu lissafin abin da ke gangarowa daga tudu yana ba ni wuya. Zauren ma ƙarami ne, idan aka ɗauke wuta da la'asar zafi ya ishe ka. Takardun aikin gida kuwa rubutun hannu ne da aka yi wa hoto, wasu lambobin sai ka ƙura ido.

Wanda zai je ya fara maimaita lissafin kusurwa, sayin da kosayin, domin Malam ba ya komawa baya a kansu. Ya riƙe rula da fensir mai kyau. Ni dai na riga na roƙe shi ya saka sunana a ajin motsi da zai buɗe lokacin hutu.