Grab a Malesiya: yadda na gan shi a matsayin baƙo

Jama'a duk wanda ya sauka Malesiya da niyyar zama, karatu ne ya kawo shi ko aiki ko kasuwanci, abu na farko da waɗanda suka riga shi zuwa za su ce masa shi ne malam sayi layi ka sauke Grab a wayarka, kuma gaskiya suka faɗa masa. Na jima ina amfani da shi a Kuala Lumpur da kewaye, motar haya da odar abinci da aiken kaya duk na gwada, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda na same shi, don abin da ɗan ƙasa yake nema a wurinsa daban, abin da mu baƙi muke nema daban.

Kamfanin a nan ƙasar ya samo asali a 2012 da sunan MyTeksi, Anthony Tan da Tan Hooi Ling ne suka kafa shi, daga baya hedikwata ta koma Singapo, a 2016 sunan ya zama Grab kawai, sai a 2018 suka saye harkar Uber ta duk yankin kudu maso gabashin Asiya. To in ka zo da Uber a wayarka kada ma ka wahalar da kanka, ba ya aiki a nan.

Babban abin da ya sa nake yaba masa, kuma wallahi shi ne ya fi komai a wurina, shi ne kuɗin tafiya yana fitowa a waya tun kafin direba ya ga fuskarka ko ya ji harshenka. Wanda bai taɓa zaman baƙunta ba ba lallai ya gane girman wannan ba. Ka tsaya bakin titi ka tare tasi, ba ka jin Malayanci, ba ka san nisan wurin da za ka ba, mutum ya kalle ka ya ce mita ba ta aiki ya yanka maka kuɗin da ya ga dama, ka biya ranka a ɓace, ka ƙi biya ka ci gaba da tsayuwa a rana. Wannan ƙorafin a kan tasin Kuala Lumpur tsoho ne, ba yau aka fara shi ba, har 'yan ƙasar ma sun sha yin sa, kuma shi ne ma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro manhajar tun farko. Yanzu ka rubuta inda za ka, ka ga ringgit nawa ne, ka yarda ko ka fasa, babu ciniki babu jayayya, kuma launin fatarka ko ƙasarka ba su ƙara ko kwabo a kai ba. Ni wannan kaɗai ya isa in ce kowane baƙo ya ajiye shi a waya.

Maganar yare ma ya rage mana wahala sosai. Direbobi da yawa suna jin Turanci daidai gwargwado musamman a cikin birni, wanda ba ya ji kuma in ya rubuto maka saƙo ta cikin manhajar tana fassarawa, kai ma ka mayar masa ta fassara. Ba sai ka tsaya kwatancen hanya ba, taswira ce take jan shi.

Motocin yawanci ƙanana ne ƙirar ƙasar, Perodua Myvi, Axia, Bezza, ko Proton Saga, akasari a tsaftace kuma esi yana aiki, wanda a ƙasar nan ba kayan gayu ba ne, larura ce. Zafin nan ba irin mai ƙona fata ba ne, da rana bai cika wuce digiri 35 ba, amma danshin iska ne matsalar, tafiyar minti goma a ƙasa sai ka ga riga ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, in kana da ganawa da malaminka ko wani taro na ofis ba za ka so ka shiga haka ba. Abin lura dai but ɗin Axia da Myvi ƙarami ne, in kuna da manyan akwatuna ko kuna da iyali ku zaɓi mai kujera shida tun daga farko, ya ɗan fi tsada amma ya fi a ce mota ta zo kaya sun ƙi shiga.

To yanzu ga inda nake da magana, ruwan sama. A Kuala Lumpur babu wani lokaci da za ka ce rani ne an huta da ruwa, kusan duk shekara ana yi, kuma ya fi son yamma, wajen ƙarfe huɗu zuwa shida hadari zai haɗu a tsuge da ruwa da tsawa kamar da bakin ƙwarya, daidai lokacin da ake tashi daga aiki. Kuɗin Grab kuma ba a tsaye yake ba, yana bin yawan masu nema da yawan motocin da suke kan hanya, to da an fara yayyafi kowa sai ya zaro waya, wanda da zai taka zuwa tashar jirgi ma ya fasa, titi ya cushe, kuɗi ya tashi, wani lokaci ya ninka, kuma da tsadar ma sai ka jira kafin a samu mai ɗaukarka. Na fahimci dalilin, direba zai shafe awa guda a gosulo kan tafiyar da da minti ashirin ce, dole a ba shi abin da zai sa ya fito, ban ce zalunci ba ne. Amma ɗalibin da yake lissafin kuɗin wata ya sani cewa kuɗin da ya gani da safe ba shi zai gani da yamma ba. In ruwan ya yi yawa har ramin SMART, wanda aka buɗe a 2007 yana aiki a matsayin titi da kuma hanyar ruwa, rufe shi ake yi ga motoci a juya ambaliya ta ciki, sai sauran hanyoyi su ƙara cushewa. Waɗanda suke nan a Disambar 2021 sun ga yadda ruwa ya shanye unguwanni a Shah Alam da Klang, irin wannan ranar ba maganar neman mota ake ba, zama ake inda ake. Ruwan yamma na yau da kullum dai bai cika daɗewa ba, in ba sauri kake ba ka shiga masallaci ko shago ka ba shi kamar awa ɗaya, sau da yawa kuɗin zai sauko da kansa.

Akwai wasu lokutan ma da ya kamata mutum ya san da su. Ranar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi direbobi Musulmi sun tafi masallaci, motoci suna raguwa. Da azumi kuma ana shan ruwa ne bayan bakwai na yamma, awa biyun da suke kafin nan kowa yana gaggawar gida ko kasuwar buɗa baki, hanya ba ta motsi. Lokacin ƙaramar Sallah da sabuwar shekarar Sinawa mutane suna komawa ƙauyukansu, birni ya yi fayau amma direbobin ma sun tafi.

Shi ya sa shawarata kullum ita ce kada baƙo ya mayar da Grab motar zuwa makaranta ko aiki ta kowace rana, aljihu ba zai ɗauka ba. A haɗa shi da jirgin ƙasa. Layin MRT na Putrajaya da aka kammala buɗewa a Maris 2023 yana da tasha a jami'ar UPM da garin Cyberjaya, layin LRT na Kelana Jaya yana ƙarewa a Gombak kusa da jami'ar Musulunci, ka hau jirgi ya yi maka doguwar tafiyar, sai Grab ya ƙarasa da kai ɗan abin da ya rage. Sai dai a sani katin nan na My50, wanda ake biyan ringgit 50 a hau jirgi da bas na Rapid KL wata guda ba iyaka, na 'yan ƙasa ne kawai.

Wannan bambancin tsakanin ɗan ƙasa da baƙo ƙaruwa yake yi, kuma ya shafi lissafin wanda yake tunanin gara in sayi tawa motar in huta. Tun ƙarshen Satumban 2025 gwamnati ta fara tsarin BUDI95, ɗan ƙasa mai lasisin tuƙi yana shan fetur ɗin RON95 a kan ringgit 1.99 kowace lita, baƙo kuma ya biya farashin da ba tallafi, wanda ya fara a kan 2.60. Kafin nan a Mayun 2025 hukumar sufurin titi ta JPJ ta daina canza wa yawancin baƙi lasisin ƙasarsu zuwa na Malesiya, sai ka bi makarantar tuƙi kamar kowa. Ga tuƙi ta hannun hagu, ga kuɗin fakin, ga tolget ko'ina. Ban ga laifin gwamnati ta fifita mutanenta ba, kuɗin harajinsu ne, amma wanda zai yi shekara ɗaya ko biyu kuma ba shi da yara masu zuwa makaranta, in ya zauna ya lissafa zai ga jirgi da Grab sun fi masa sauƙi. Mai iyali da zai daɗe, shi kam mota ta kama shi.

Tunda na ambaci tolget, kuɗin da manhaja take nuna maka bai haɗa da shi ba, direba yana biya da katinsa sai a ƙara maka a ƙarshe. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake, amma sabon zuwa yakan ɗauka an yi masa ƙari. An fi jin sa a hanyar filin jirgi, don KLIA yana can Sepang sama da kilomita 50 daga tsakiyar birni. In kai kaɗai ne da jaka ɗaya, jirgin KLIA Ekspres ringgit 55 ne kuma wajen rabin awa ya kai ka KL Sentral, babbar tashar jirgin ƙasa ta cikin birni, ba ruwansa da gosulo, amma in kun kai biyu ko uku da kaya, mota ɗaya har ƙofar gida ta fi arha nesa ba kusa ba.

Wani abin da yake rikita sababbi shi ne wurin ɗauka. Manyan kantuna irin Mid Valley da Pavilion ƙofofinsu da yawa, kai kana wannan ƙofa direba yana waccan, kuma ba ko'ina aka yarda ya tsaya ba. Ka fara isa ƙofar tukuna, ka karanta sunanta, ka zaɓe ta a manhaja sannan ka kira. In ka bar mutum yana jira ko ka fasa bayan ya taho akwai ɗan tara, kuma ni ina ganin daidai ne, shi ma abincinsa yake nema.

Ɓangaren abinci, GrabFood, ya taimake ni ƙwarai ranakun ruwa da lokacin rashin lafiya. Akwai wurin da za ka tace ka ga na halal kawai, wanda yake da muhimmanci don ƙasar ta Musulmi ce mafi rinjaye amma akwai Sinawa da Indiyawa da yawa, gidajen abinci masu naman alade da giya suna nan birjik a fili. Wanda yake son ƙarin natsuwa ya nemi masu shaidar JAKIM, hukumar da take ba da takardar halal. Za ka samu nasi lemak, nasi kandar, abincin Larabawa irin mandi da kabsa, duk a kawo maka har ƙasan bene. Inda ban gamsu ba shi ne farashi, sau da yawa abinci a manhaja ya fi na cikin shagon tsada saboda kamashon da mai shago yake biya, ga kuɗin kawowa a kai, in ka saba da shi kullum kuɗinka zai riƙa zurarewa ba ka ankara ba. Cefane ma ana yi ta GrabMart, kuma tun 2022 kamfanin ne yake da mafi yawan hannun jarin kantin Jaya Grocer. Don Allah in ana ruwa aka kawo maka abinci a babur ka ƙara wa yaron wani abu, ka ga yadda suke zuwa a jiƙe cikin rigar leda, tausayi zai kama ka. Babur ɗin kuma kaya da abinci yake kaiwa a nan, ba ya ɗaukar fasinja kamar yadda ake yi a Jakarta ko Bangkok.

Biyan kuɗi ba shi da wahala, suna karɓar tsaba, don haka wanda bai buɗe asusun banki ba tukuna bai makale ba, sai dai a riƙe canji kada ka miƙa takardar 100 kan tafiyar ringgit 12. Daga baya ka haɗa kati ko ka buɗe GrabPay, asusun kuɗi na cikin manhajar, da fasfo ɗinka.

Tsaro, musamman ga 'yan uwa mata da suke dawowa daga laburare ko asibiti da dare, nan ma na yaba. Kina ganin sunan direba da hotonsa da lambar mota kafin ya iso, ki duba lambar ta yi daidai kafin ki buɗe ƙofa, akwai wurin tura wa miji ko ƙawa tafiyar su riƙa ganin inda kike, akwai maɓallin gaggawa, lambar gaggawa ta ƙasar kuma 999 ce. Tun 2019 doka ta wajabta wa direbobin irin wannan haya su mallaki lasisin PSV, ba kowa ne zai tashi kawai ya fara ɗaukar mutane ba. A nan ne kuma zan ja kunnen ƙannenmu ɗalibai, kada wani ya ce maka ga asusuna yi aiki da shi mu raba, bizar karatu ba ta ba ka damar wannan aikin ba, in aka kama ka karatun ne gaba ɗaya zai tafi, kuma ka jawo wa sauran baƙi ƙarin zargi.

Duk wannan yabon na manyan birane ne fa, Kuala Lumpur da kewaye, Penang, Johor Bahru, Melaka. In makarantarka tana can nesa kamar Sintok a jihar Kedah kusa da iyakar Tailan, motoci kaɗan ne, da dare ma kana iya nema ka rasa, gara ka karɓi lambar wani direba da ka yarda da shi ko ku haɗa hannu da masu mota. A cikin birnin ma yana da kyau a ajiye wata manhajar ta biyu kamar Bolt ko inDrive a gefe, ranar da ruwa ya ɗaga kuɗi sai ka duba duka ka ga wacce ta fi sauƙi, amma ka tabbata lambar mota da fuskar direba sun yi daidai da abin da waya ta nuna maka kafin ka shiga.