Digirin lafiyar al'umma ta intanet: abin da ya kamata ka tantance kafin ka biya kuɗi

Tallan digirin lafiyar al'umma ta intanet ya yi yawa a Facebook da zaurukan WhatsApp na ma'aikatan lafiya. Ana cewa ka yi karatu daga ɗakinka, ba ka ajiye aiki ba, ba ka bar iyali ba, cikin shekara uku ko huɗu ka riƙe kwalin digiri. A cikin waɗannan tallace-tallace akwai na gaskiya, akwai na damfara, akwai kuma waɗanda gaskiya ne amma ba za su kai ka inda kake son zuwa ba. Wannan kashi na uku shi ya fi cin kuɗin mutane, domin makarantar tana nan, malamanta na nan, takardar ma ta gaske ce, sai dai ba ita ake tambaya a wurin da za ka kai ta ba.

Don haka tambayar farko ba ta shafi makaranta ba. Wane aiki kake so ka yi bayan ka gama?

Idan burinka ka zauna a asibitin sha-ka-tafi ka duba marar lafiya, ka yi wa masu juna biyu awo, ka yi allurar riga-kafi, ka rubuta magani bisa kundin ƙa'idojin da aka tanada wa ma'aikatan matakin farko, to lasisi kake bukata, kuma a Najeriya hukumar CHPRBN, mai rajistar ma'aikatan lafiya na matakin farko, ce ke ba da shi, wadda aka kafa da doka a 1992. Hanyar samunsa ita ce makarantun koyon aikin lafiya: shekara biyu ga JCHEW (ƙaramin ma'aikacin lafiya a matakin farko), shekara uku ga CHEW (babbansa), sannan kwas ɗin CHO (jami'in lafiya da ke sama da su) da ake yi a asibitocin koyarwa. Irin waɗannan makarantu suna nan a Kano da Bebeji, da Maƙarfi, da Kankiya da Daura, da Jahun, da Ningi, da Tsafe, da Gwadabawa. Digirin intanet a fannin lafiyar al'umma ba ya maye gurbin wannan lasisi. Haka yake ga mai son aikin dubagari, shi ma da tasa hukumar rajistar daban. Yaro ko yarinyar da suka gama sakandare bana, suna son sa farar riga su taɓa marar lafiya, ni shawarata su nufi ɗaya daga cikin makarantun nan, su ajiye maganar intanet tukuna.

Fannin wayar da kan jama'a kan lafiya aikinsa daban ne. Mai wannan ilimi yana koyon yadda ake gano abin da ke damun unguwa ko ƙauye, yadda ake tsara saƙo, da bakin wa za a isar da shi, da yadda za a auna ko saƙon ya yi aiki. Yana karanta yadda cututtuka ke yaɗuwa, da lissafin ƙididdiga, da halayyar ɗan Adam, da abinci mai gina jiki, da tsaftar muhalli. Mu a Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan darajar wannan aiki. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano saboda rashin yarda, rashin yardar da abin da ya faru a gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya ƙara wa ƙarfi. Maganin riga-kafin yana nan a lokacin, ma'aikata suna nan, abin da ya ɓace shi ne amincewar iyaye. Sai da aka shigo da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suna magana da uwaye a cikin ɗakunansu kafin al'amarin ya juya, har aka kai watan Agusta na 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Gubar dalma da ta kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, duk sun nuna abu guda: akwai gurbin da sai mai iya magana da mutane ne zai cike shi. Wannan shi ne aikin da digirin ke shirya ka dominsa, a hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, da ma'aikatun lafiya, da ƙungiyoyin agaji, da makarantu.

Zaɓin da mafi yawan ma'aikatanmu ke fara dubawa shi ne Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu a manyan biranen jihohi, tana kuma ba da digirin lafiyar al'umma. Abin da ya sa nake sa ta a gaba shi ne ta gwamnatin tarayya ce, da naira ake biya, kuma ba a dunƙule ake biya ba: kana rajistar kwasa-kwasai da jarrabawa zango-zango gwargwadon ƙarfin aljihunka. Littattafan kwas ɗinta ana sauke su a waya a karanta ko babu sabis. Amma kar ka ɗauka komai a gida ake yi. Ayyukan gwaji na zango ana yin su ta intanet, jarrabawa kuwa sai ka je cibiya, ta ƙananan azuzuwa a kwamfuta, ta manya da biro da takarda. Mai aiki a ƙauyen da ke da nisan awa uku daga cibiya dole ya lissafa kuɗin mota da wurin kwana da wanda zai riƙe masa asibiti a makonnin jarrabawa. Rauninta kuma shi ne babu mai bin ka. Idan ka yi wata biyu ba ka buɗe littafi ba, babu malamin da zai kira ka ya tambayi dalili. Da yawa daga masu barin karatun ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wannan sakin ne ya kayar da su.

A 2023 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ba wasu jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu lasisi, cikinsu akwai Miva da ke Abuja da Iconic da ke Sakkwato. Miva tana da digirin lafiyar al'umma. Irin waɗannan sun fi dogara da darussan bidiyo da azuzuwan kai-tsaye, sun kuma fi bibiyar ɗalibi, abin da ke taimakon wanda ya san kansa da sakaci. Kuɗinsu ya fi na NOUN, kuma bidiyo yana shan data fiye da karanta takarda. Sababbi ne, tarihin ɗalibansu a kasuwar aiki bai yi tsawon da za a auna su da shi ba. A nan akwai abin da mutane ke mantawa: lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Jami'a tana iya zama halastacciya alhali kwas ɗin da kake so bai samu izini ko bai wuce tantancewa ba. Ka duba sunan kwas ɗin kansa a jerin NUC, kar ka tsaya ga hoton takardar lasisi da aka liƙa a talla.

Tsofaffin jami'o'i ma suna da cibiyoyin karatu daga nesa, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Jami'ar Maiduguri. Ba kowane kwas na harabar jami'a ake bayarwa ta wannan hanya ba, saboda haka ka nemi jerin kwasa-kwasan cibiyar na bana ka gani da idonka. Wanda kuma ainihin ilimin koyar da lafiya yake so, ya sani cewa a jami'o'i irin su ABU da Bayero wannan fanni yana tsangayar ilimi ne, haɗe da ilimin motsa jiki, kuma zaman aji ake yi.

Sai digirin ƙasashen waje, wanda shi ya fi ɗaukar ido. A Amurka fannin wayar da kai kan lafiyar al'umma ya daɗe da tsayuwa da ƙafarsa, jami'o'i da dama suna koyar da shi kacokan ta intanet, akwai hukumar CEPH mai tantance shirye-shiryen lafiyar al'umma, akwai kuma jarrabawar ƙwarewa ta CHES da masu digirin ke zaunawa. Karatun yana da kyau, ba na musu. Matsalar ita ce an ɗinka shi ne daidai jikin Amurka: tsarin inshorarsu, dokokinsu, cututtukan da suka fi damunsu. Digirin farko a can yakan kai kiredit 120 (ma'aunin yawan darussa ke nan), kowane kiredit da farashinsa a dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 wannan lissafi ya fi ƙarfin albashin ma'aikacin ƙaramar hukuma nesa ba kusa ba. Akwai University of the People, wadda aka kafa a 2009, tana da digirin kimiyyar lafiya, ba ta karɓar kuɗin koyarwa amma ana biyan kuɗin tantance kowane kwas, shi ma a dala. Ga mai neman ilimi ko aiki da ƙungiyoyin waje, tana iya amfani. Ga mai son kai takardar ofishin gwamnati, akwai tsauni a gaba: duk digirin waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi, kuma hukumar bautar ƙasa tana neman fasfo mai nuna ka shiga ƙasar da ka ce ka yi karatu ka kuma fito. Wanda bai taɓa barin Funtuwa ba, me zai nuna? Ita ma takardar CHES ba lasisin aiki ba ce a Najeriya.

Game da dillalan da ke cewa ka kawo kuɗi su kawo maka digiri daga Kwatano cikin 'yan watanni, magana ɗaya ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri a can cikin makonni shida, a watan Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Araha ba ta ado. A fannin lafiya kuwa abin ya wuce asarar kuɗi, domin rayukan mutane ne a hannun mai takardar.

A ganina wanda digirin intanet ya fi yi wa rana shi ne ma'aikacin da ya riga ya sami lasisinsa, yana aiki, ya ga difloma ta tsayar da shi a wani mataki, yana son ƙarin girma ko komawa ɓangaren tsare-tsare da sa ido. Irin wannan mutum asibitinsa ne ajinsa na gwaji. Abin da ya karanta da daddare kan ƙididdigar riga-kafi, da safe rajistar yaran unguwarsa tana gabansa. Haka matar aure mai aikin awo da karɓar haihuwa, wadda barin gari shekara huɗu ba zai yiwu mata ba, wannan hanya ta buɗe mata ƙofar da da a rufe take, kuma ƙauyukanmu suna da ƙarancin mata masu ilimin lafiya mai zurfi. Sai dai kafin a biya ko kuɗin fom, a je hukumar lafiya matakin farko ta jiha ko ofishin ma'aikata a tambayi abu biyu, a kuma nemi amsar a rubuce: shin wannan digiri daga wannan jami'a ana karɓarsa wajen sauya layin aiki, kuma shin sai an nemi izinin karatu kafin a fara? A aikin gwamnati, takardar da aka samo ba da izini ba tana iya kwana a fayil shekaru ba ta motsa albashi ba. A tambayi jami'ar kuma ko difloma da lasisin da ake riƙe da su za su sa a fara daga aji biyu, domin wannan kaɗai ya rage shekara guda da kuɗinta.

Maganar bautar ƙasa ma a warware ta tun farko. Bisa al'ada, masu karatun wucin gadi da na daga nesa takardar cirewa ake ba su, ba a tura su sansani. Ga ma'aikacin da ya haura shekara talatin wannan ba damuwa ba ce. Ga matashi ɗan shekara ashirin da ke sa ran hidimar ƙasa, abu ne da zai iya sauya zaɓinsa gaba ɗaya. A tabbatar kuma suna ya shiga kundin ɗalibai na JAMB, domin rashinsa yana dawowa ya ciji mutum bayan an gama.

Abin da na fi so mai zaɓe ya matsa wa makaranta da tambaya a kansa shi ne aikin fili. Wayar da kai ba a iya ta daga allon waya. Sai ka tsaya gaban mai unguwa ka nemi izini, ka zauna da unguwar zoma wadda ta girme ka da shekara talatin ka yi mata maganar wanke hannu ba tare da ta ji ka raina ta ba, ka fuskanci magidancin da ya rantse ba za a ɗiga wa ɗansa komai ba. Littattafan duk da Turanci suke, mutanen da za ka yi wa aiki kuwa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci za su saurare ka, kuma juya saƙon tamowa ko tazarar haihuwa zuwa maganar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba fasaha ce da sai a fili ake koyonta. Ka tambayi makarantar makonni nawa ake yi a fili, a ina, wa ke duba ɗalibi, kuma shin malami yana zuwa da ƙafarsa ko littafin sa hannu kawai ake turawa. Idan amsar ta zo a dunƙule babu suna babu wuri, ka nemi ɗalibin da ke aji uku ko huɗu a kwas ɗin ka ji daga bakinsa.

A lissafin kuɗi kuma, kar a tsaya ga abin da aka rubuta a shafin makaranta. A haɗa da data ta kowane wata, da cajin waya ko ƙaramar sola inda wuta ba ta zama, da kwamfutar tafi-da-gidanka, domin ana iya karatu da waya amma rubuta kundin bincike na ƙarshe da lissafin ƙididdiga a kanta wahala ce, da kuɗin zuwa jarrabawa sau biyu a shekara, da na zirga-zirgar aikin fili. A ninka wannan da shekarun karatun, sannan a kwatanta NOUN da mai zaman kanta a kan wannan jimilla.