Mun hau jirgin mafarautan wel a Mystic

Ranar Asabar na kwashi iyali muka nufi Mystic Seaport, gidan tarihin jiragen ruwa da ke jihar Konetikat a Amurka. Abu ɗaya ya kai ni: Charles W. Morgan, jirgin katako mai filafilai da aka ƙera a 1841, wanda shi kaɗai ya rage a irinsa na farautar wel, ƙaton halittar tekun nan. Ya fita sau 37 cikin shekara 80. Kuma ana barin mutum ya hau, ya sauka har ciki.

Ina sauka na ƙume kaina da katako. Laifina ne, an ce in sunkuya ban ji ba. Wurin kwanan ma'aikata kuwa kamar akurki, kuma a nan mutum zai shafe shekara uku ko huɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne murhun bulo da ke tsakiyar jirgin, da manyan tukwanen ƙarfe guda biyu inda ake narka kitse a fitar da man fitila. Wuta ke nan a kan katako, ga mai ta ko'ina, ga igiyoyi da filafilai a sama, babu tudun tsira. Uwargida ta riƙe haɓa ta ce ita ko suyar ƙosai ba za ta yarda ta yi a nan ba.

Mai yi mana bayani ta san aikinta, ba ta gaggawa. Ta nuna mana kwale-kwalen da mutum shida ke shiga su soki wel da mashi mai igiya, shi kuma ya figi kwale-kwalen a guje. Igiyar ta naɗe maka ƙafa, shi ke nan. Ta kawo labarin Essex, wani jirgin mafarauta da wel ya tunkuya ya nutsar a 1820: mutum 20 suka shiga kwale-kwale uku, takwas suka rayu, bayan yunwa ta kai su ga cin gawar 'yan'uwansu. Sai 1871, da ƙanƙara ta datse jirage 33 a gaɓar Alaska. Mutum fiye da 1,200 suka tsira, jiragen dai aka bari.

Nan autana ya ja mini riga: "Baba, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ne?" Na ce Allah ne masani.

Ku tafi da rigar sanyi, iskar bakin kogin ba ta wasa. Mu da dambunmu muka je, a mota muka ci.